Hutun Haihuwa: Abin Da Aka Rubuta Wa Ma'aikaciya Da Maigidanta

A gidajenmu da yawa yanzu, maigida da uwargida dukansu biyu aikin albashi suke yi. Wata malamar makaranta ce, wata nas ce a asibiti, wata kuwa akawu ce a sakatariya. Idan uwargida ta sami juna biyu, bayan murna sai lissafi ya biyo baya. Kwana nawa za a ba ta? Albashinta zai tsaya ko zai ci gaba? Wa zai riƙe jariri ranar da ta koma aiki? Mata da yawa sukan shiga ofishin shugabansu suna sunkuyar da kai kamar masu roƙon alfarma, alhali kuwa abin da suke nema yana nan a rubuce cikin dokar ƙasa da littafin ƙa'idodin aiki. To, bari mu duba abin da aka rubuta.

Tsohuwar cikinsu ita ce Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda muke da ita tun shekarun 1970. Sashi na 54 ya ce mai ciki tana da iko ta bar aiki idan ta kawo takardar likita mai nuna cewa saura mako 6 ta haihu. Bayan haihuwa kuma an hana mai aiki ya sa ta aiki har mako 6 su cika. Ku lura, mako 6 kwana 42 ke nan, kusan daidai da kwana 40 na jego da iyayenmu suka sani tun kafin a zo da takarda. Idan ta yi wata 6 tana aiki a wurin, tilas a biya ta aƙalla rabin albashinta a wannan lokaci. Ba a yarda a ba ta takardar sallama tana cikin hutun ba. In ta dawo, tana da rabin sa'a sau biyu kowace rana domin shayarwa. Amma fa dokar ba ta ɗora wa mai aiki kuɗin asibiti ba.

Akwai wani ƙulli a nan. Wannan doka an tsara ta domin leburori da ƙananan akawuna ne, ta ware manyan ma'aikata da masu aikin ƙwarewa. Saboda haka macen da take aiki a kamfani ko makarantar kuɗi, ta karanta takardar ɗaukarta aiki da kyau, gama sau da yawa abin da ke ciki shi ne zai tsaya mata.

Ma'aikaciyar Gwamnatin Tarayya ta fi samun sauƙi. Littafin ƙa'idodin aikin gwamnati, bugun 2008, ya ba ta mako 16 a jere da cikakken albashi, a maimakon mako 12 na dā. Ya ce hutun zai fara tun saura aƙalla mako 4 ta haihu, za ta kuwa miƙa takardar likita tun da sauran wata 2. A wancan bugu, hutunta na shekara a ciki aka lissafa shi, ba a ƙara mata shi a kai ba. Bayan ta koma, an yarda mata sa'a 2 kowace rana domin shayarwa, har tsawon wata 6. An sake gyara littafin, sabon bugu ya fara aiki a 2023. Duk mai niyyar neman hutu ta roƙi ofishin kula da ma'aikata su nuna mata sabon, ta karanta da idonta kafin ta rubuta takarda.

Yanzu mu yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. Bisa bugun 2008, a cire mako 4 daga 16, saura 12. Watau a wancan tsari, ranar da uwa za ta saka takalmi ta kama hanyar ofis, jaririnta bai cika wata 3 ba. Ga shi kuwa tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba kunu. Ma'aikatan asibitinmu suna ta maimaita wannan a wurin awo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 ne kacal cikin 100 na 'yan ƙasa da wata 6 suke samun nono zalla a Nijeriya. Dalilan suna da yawa, har da al'adar ba jariri ruwa saboda zafi. Amma ga mace mai aikin albashi, babban dalili shi ne agogo. Yaya za ta yi, ita tana ofis a tsakiyar gari, jariri yana unguwa mai nisa a hannun ƙaramar yarinya? Sa'a 2 ɗin nan mota ce take cinye su. Gwangwanin madara ɗaya kuwa, masu saye sun san abin da yake yi wa albashi. In kuma aka dama shi da ruwa marar tsabta, sai gudawa.

Wannan giɓi ne ya sa waɗansu jihohi suka wuce Gwamnatin Tarayya. A 2014, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, Jihar Legas ta ba ma'aikatanta mata wata 6 da cikakken albashi a haihuwa ta fari da ta biyu, daga ta uku kuwa wata 3. Jihar Kaduna ta ba da wata 6 a 2019, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. Abin da ya kamata a gane shi ne, ƙa'idar Tarayya ba ta ɗaure jiha ba, kowace jiha da nata littafi. Shi ya sa za ka ga mata biyu a mazauni ɗaya a sujada, sun haihu mako guda, ɗaya ta koma aiki tun yaro bai iya riƙe wuya ba, ɗaya tana gida har ya fara zama. A ganina wannan bambanci ba shi da hujja. Cikin jaririn malamar ƙauye da na jaririn ma'aikaciyar hedkwata iri ɗaya ne.

To, ina aikin ƙungiya a cikin wannan? Kowane wata ana cire kuɗin ƙungiya daga albashi, ko ta malamai wadda aka kafa tun 1931, ko ta nas-nas da ungozomomi, ko wata daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya da aka kafa a 1978. Galibi ba mu tuna da su sai batun ƙarin albashi ya taso. Amma akwai ƙasar da ƙungiya ce ta buɗe wannan ƙofa da kanta. A Kanada, a 1981, ma'aikatan gidan waya suka yi yajin aiki na kwana 42, hutun haihuwa kuwa yana kan gaba cikin buƙatunsu. Shugabansu a lokacin Jean-Claude Parrot ne. Da aka sasanta, mata suka sami mako 17 ana biyansu kashi 93 cikin 100 na albashi. Su ne na fari cikin ma'aikatan gwamnatin tarayyar ƙasar da suka sami haka, daga nan waɗansu ƙungiyoyi suka bi sawu. Abin da ya fi burge ni shi ne, maza ma sun haƙura da albashin mako 6 domin abin da ba su ne za su ɗauka ba. Ba ina kiran kowa ga yaji ba ne. Amma ƙungiya takan ɗauki maganar da membobinta suka kawo taro ne. In mata ba su zuwa taron reshe, maganar ɗakin reno kusa da ofis ba za ta shiga ajanda ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, a yarjejeniyarta ta 2000, ta sa mako 14 a matsayin mafi ƙanƙanta, ta kuma ba da shawara a kai 18. Wakilai suna da abin kafa hujja.

Idan wani shugaba ya ƙi sa hannu, ko aka tsayar da albashi, uwargida kada ta tsaya gardama a baka. Ta rubuta, ta ajiye kofe na kowace takarda mai hatimin karɓa, ta kai wa wakilin ƙungiya na reshe. Aikinsa ke nan.

Saura maigida. A Satumba 2021 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikaci namiji wanda matarsa ta haihu. A Nuwamba 2022 Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta lokacin, Dokta Folasade Yemi-Esan, ta fitar da takardar umarni: ranakun aiki 14 ne, sau ɗaya cikin shekara 2, har 'ya'ya 4. Iyalin da suka ɗauki jariri ɗan ƙasa da wata 4 ya zama nasu bisa doka, su ma maigida yana da wannan hutu. Legas tun 2014 ta ba maza kwana 10.

Waɗansu maza dariya suka yi da jin haka, wai su ne za su yi jego? A ƙauye akwai kaka da gwaggo da kishiyoyin uwa, hannu ya yi yawa. Amma ma'aikacin da aka tura Abuja ko Fatakwal, daga shi sai matarsa a ɗaki biyu. 'Yan Zumuntar Mata za su zo da tuwo da sabulu, su yi addu'a su koma gidajensu. Da dare shi ne zai tashi. Shi zai ɗebo ruwa, ya yi cefane, ya shirya manyan yara zuwa makaranta, ya kai jariri allurar rigakafi, ya karɓo takardar haihuwa. Shi ne kuma zai lura da mai jego, gama makonnin farko su ne masu hatsari. In ya ga jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da kumburi, ya nemi mota nan da nan, kada ya jira gari ya waye.