Kumburin kan yaro da ya ƙi sacewa bayan faɗuwa

Yaronku ya faɗo daga gado, ya yi kuka ya yi shiru. Makonni sun wuce, amma kumburin gefen kansa bai sace ba. Yana da taushi, in kun ɗora yatsa sai ku ji yana harbawa kamar maɗiga. Kada ku jira, ku kai shi asibiti.

Yawancin tsagewar ƙoƙon kai a yara kan haɗe da kanta. Amma wani lokaci takan yaga tantanin nan mai kauri da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa. Da yake ƙwaƙwalwar yaro na girma da sauri, sai ta riƙa turowa ta wurin, tsagewar na ƙara buɗewa. An fi ganin haka a yara 'yan ƙasa da shekara 3, musamman in faɗin tsagewar ya wuce milimita 4. In aka bar shi, yana iya kaiwa ga farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki.

Lamarin ya fi tsauri ga yaran da aka haifa da raunin kolajin, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da fata da wannan tantanin. Masu cutar da likitoci ke kira osteogenesis imperfecta kan karye a kai a kai ba tare da wani bugun kirki ba, farin idonsu kan yi shuɗi-shuɗi. Masu Ehlers-Danlos kuwa fatarsu na talewa, gaɓoɓinsu na lanƙwasa fiye da kima, rauninsu na jinkirin warkewa. Yawanci gado ne, ba sammu ba, ba kuma sakacin uwa ba.

Bayan hoton CT ko MRI, maganin tiyata ne. Likitan ƙwaƙwalwa zai buɗe ƙashin gefen tsagewar har ya kai inda tantanin yake lafiya, domin yagewarsa takan fi ta ƙashin faɗi. Sai ya yi masa faci da tantanin jikin yaron ko na roba, ya rufe gurbin, galibi da ƙashin yaron. A irin waɗannan yara ɗinki kan yage, jini kan zuba da yawa, ɗaga su da ƙarfi ma na iya jawo karaya. Shi ya sa ake tanadar jini, a kwantar da su a hankali, a kuma jinkirta cire zare.

Abin da ke hannunku shi ne bayani. Ku faɗa wa likita duk karayar da yaron ya taɓa yi, da ko akwai mai irin wannan a dangi. Kada a kai shi wurin mai ɗori, kada wanzami ya tsaga kumburin, kada a gasa. Ko an sallame ku, ku koma ranar da aka ba ku.

Amai a kai a kai, barci mai nauyi, jijjiga, ko ruwa daga hanci ko kunne bayan faɗuwa, waɗannan ba sa jiran gari ya waye.