Wa Ke Samun Gurbin Horon Ƙwarewa a Asibitocin Amurka?

A Amurka, gama makarantar likitanci bai isa mutum ya fara cin gashin kansa ba. Sai ya samu gurbi a wani asibiti ya yi horon ƙwarewa na shekara uku zuwa bakwai, kuma a nan ake tantance wanda zai zama likitan yara da wanda zai riƙe wuƙar tiyata. Baƙaƙen fata sun kai kusan kashi 13 cikin 100 na mutanen ƙasar, amma a cikin likitoci ba su kai kashi 6 ba. Ganin haka, a 2019 hukumar ACGME, wadda ke ba asibitoci izinin horarwa, ta wajabta musu nemo likitoci masu neman ƙwarewa daga kowane ɓangare na al'umma, su kuma riƙe su har su gama.

Giɓin ya samo asali tun da nisa. Bayan rahoton Abraham Flexner na 1910 kan karatun likitanci, daga cikin makarantun likitanci bakwai na baƙaƙen fata biyu kaɗai suka tsira, Howard da Meharry. Shekara ɗari ba ta gyara wannan ɓarna ba: maza baƙaƙen fata 542 ne suka shiga karatun likita a 1978, a 2014 kuwa 515.

A ganina hujjar da ta fi ƙarfi wajen goyon bayan ƙa'idar ACGME ita ce lafiyar majinyaci. A wani bincike da Marcella Alsan da abokan aikinta suka yi a Oakland, aka wallafa a 2019, an bi shagunan aski an gayyato maza baƙaƙen fata zuwa duba lafiya kyauta. Waɗanda suka haɗu da likita baƙar fata sun fi yarda a ɗebi jininsu a gwada ciwon suga da kitsen jini. Dalili shi ne amana, kuma mutanen nan suna da hujjar yin ɗari-ɗari. Daga 1932 zuwa 1972, ma'aikatan lafiyar gwamnati a Tuskegee sun zuba ido ciwon tunjere yana cin ɗaruruwan baƙaƙen fata ba tare da an yi musu magani ba. Duk wanda ya ga yadda mace a Kano ko Damagaram take jinkirta zuwa asibiti sai ta ji akwai likita mace, ya san nauyin wannan magana.

Sakamakon yunƙurin ya zo a gauraye. Mata sun haura rabin ɗaliban likitanci tun 2019, amma har yanzu 'yan tsiraru ne a tiyatar ƙashi. A Janairun 2022 aka daina ba da maki a matakin farko na USMLE, jarrabawar samun lasisin likita, aka koma "ya ci" ko "ya faɗi", domin asibitoci su riƙa duba mutum gaba ɗaya maimakon lamba guda. Niyyar mai kyau ce, sai dai nauyin ya koma kan makin mataki na biyu, da yawan takardun bincike, da sunan makarantar da mutum ya fito, kuma ɗan mai hali ya fi kowa samun waɗannan. Abin ya taɓa likitocin da suka yi karatu a waje ma, ciki har da 'yan Najeriya, waɗanda a da makin nan ne babbar shaidarsu a gaban asibitin da bai san jami'arsu ba.

Sai kuma iska ta juya. Ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar jami'o'in Harvard da North Carolina. A 2025, bayan umarnin Shugaba Donald Trump, ACGME ta dakatar da tilasta ƙa'idarta. Masu adawa da tsarin suna cewa cancanta kaɗai ya kamata a duba, kuma babu mai son likitan da bai iya aiki ba. Amma makin jarrabawa ba ya auna ko majinyaci zai buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yana can baya, kafin a kai ƙofar asibiti. A 2024 yawan baƙaƙen fata da suka shiga makarantun likitanci ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100. Su ne za su nemi guraben ƙwarewa a 2028, kuma ko wane irin tsari asibiti ya kafa, daga cikinsu zai zaɓa.