Koyon Fatsa Kamar Koyon Kasa Kaya Ne

Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal, ya ga masu tebur a bakin titi: wannan da goro, wancan da rake, wata da ƙosai. A idon matafiyi, kowa zaune yake yana jiran rabonsa. Amma tambayi wanda ya daɗe a sana'ar, zai gaya maka dalilin da ya sa teburinsa yake ƙarƙashin wannan itaciya, ba can gaba ba. Ya san inda mota ke tsayawa, ya san lokacin fitowa daga masallaci, ya san abin da direba ke nema da abin da ɗan makaranta ke nema. Yaron da ya ɗauki sanda da zare da ƙugiya ya nufi madatsar ruwa ta Shagari karon farko, wannan karatun ne a gabansa. Kifi ne mai saye, koto ne haja, gaɓar ruwa kuwa ita ce kasuwa.

A Amurka yara da yawa kan fara fatsa da wani kifi mai cin ƙananan kifaye da ake kira bas, suna tsaye a kan dandamalin katako da aka shimfiɗa ya shiga cikin tafki. Kifin na son inuwar ƙarƙashin katakon, domin nan yake kwanton ɓauna. Mu ba mu da bas, dandamalin ma ba kasafai ake ganinsa ba. Amma muna da duwatsun jikin madatsa, da inda ake ɗaure kwale-kwale, da kututturan da ruwa ya ci, da bakin ciyawa. Mafarauci kuma muna da wanda ya fi nasu girma nesa ba kusa ba, wato giwan ruwa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, kifin da ya ci gasar 2020 nauyinsa kilo 78. Sai dai can da homa da gora ake shiga ruwa, ba da ƙugiya ba.

Ɗan koyo yakan fara da wurga zarensa can tsakiyar ruwa iya ƙarfinsa, a ganinsa babban kifi sai babban ruwa. Wannan daidai yake da kasa kaya a tsakiyar fage inda ba mai wucewa. Ƙananan kifaye gefe suke bi, inda akwai abinci da maɓoya, manya kuma su suke bi. Sau da yawa abin da yaro ke nema yana nan kusa da ƙafarsa, in dai bai kore shi da inuwarsa ko da buga ƙafa ba. Kifi na ganinka mai jar koma, yana kuma ganin mai fatsa.

Lokaci ma haka. Mai ƙosai ba ta kafa kasko da tsakar rana. Kifi ya fi ci da sassafe da kuma dab da magariba. In rana ta take sai ya nutsa ya nemi sanyi. Da hunturu cinsa raguwa yake yi, da farkon damina kuwa, in sabon ruwa ya shigo, tarwaɗa kan hauro gefe.

Sai haja. Ba kowane mai saye ke son abu ɗaya ba. Karfasa bakinta ƙarami ne, ƙaramar ƙugiya take so da guntuwar tana. Tarwaɗa da gashin baki da jin wari take neman abinci, shi ya sa ruwa mai laka ko duhun dare ba ya hana ta. A sa mata tana ko hanjin kaza, a ɗaura 'yar darma don koton ya kai ƙasa. Giwan ruwa kuwa da ido yake farauta, ƙaramin kifi mai rai yake so, wanda ke motsi. Ni dai shawarata ga ɗan koyo ita ce ya bar zancen giwan ruwa tukuna. Ba a fara sana'a da sayar da raƙumi. Ya kama karfasa har hannunsa ya faɗa.

Inda aikin yake shi ne wurin ciniki, kuma nan ne yawancin yara ke asara. Guntun karan da aka ɗaura wa zare yana yawo a kan ruwa, sai ya ɗan girgiza. Zuciyar yaro ta buga, ya fizge, ƙugiya ta fito fayau. Abin da ya faru shi ne mai saye ya taɓa kaya ne kawai, bai taya ba. Ɗan kasuwar da ya san aikinsa ba ya tasowa ya riƙe rigar mutum don ya ɗaga goro ya duba. Yakan bar shi ya juya, ya ajiye, ya sake ɗauka. Tsofaffin masunta abin da suke faɗa wa na baya ke nan: "Kak ka yi garaje, ɗana, bari shi ɗauka tukuna." Sai karan ya nutse, ko ya kama tafiya gefe guda, sannan a ɗaga sanda da motsi ɗaya, ba da ƙarfin tsiya ba.

Ko an kama, ciniki bai faɗa ba. In kifin babba ne zai ja, kuma zaren roba ba ya jure a yi ta ja-in-ja da shi. Nan sai an yi irin ta mai sayarwa: a ce albarka, a ɗan rage, a sake tsayawa. Ya ja, ka bi shi da sanda; ya lafa, ka jawo. Abu biyu ne ba a yi. Ba a barin zare ya yi sako-sako, don ƙugiya za ta suɓuce, ba a kuma bari ya kai ga kututture ko dutse, don can zai naɗe ya tsinke. Wanda ya kafe kan farashi ɗaya mai saye kan tafi ya bar shi, wanda ya sallama da wuri kuma ya faɗi. Sai kifi ya gaji ya kwanta a gefensa ake jawo shi gaɓa. A nan ma a kula: tarwaɗa da kurungu suna da ƙaya a gefe mai huda hannu, minjirya kuwa ba a taɓa ta hannu sake. Ƙananan da ba su isa ci ba a mayar da su ruwa, su ne cinikin baɗi.

Akwai inda kwatancen nan ya tsaya. Asarar mai tebur kuɗi ce, ta bakin ruwa kuwa tana iya zama rai. Mutanen Shagari ba su manta da watan Afrilun 2022 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana, aka rasa rayuka 29, yawancinsu yara da matasa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Saboda haka iyaye, in yaro ya nuna yana son fatsa kada ku hana shi, sana'a ce mai albarka. Ku haɗa shi da babban da ya san ruwan, ko ku kai shi wurin Sarkin Ruwa ya sa shi hannun wani. Ya koya daga gaɓa, da rana, kuma kada ya shiga kwale-kwale sai ya iya iyo.