Ko Kun Sani? Cilento, Gaɓar da Baƙi Ke Tsallakewa

Masu yawon buɗe ido na tururuwa zuwa Amalfi a kudancin Italiya, alhali gaba kaɗan ga Cilento, inda tsaunuka ke gangarowa har bakin Bahar Rum. A ƙauyen Pioppi ne Ba'amurke masanin abinci, Ancel Keys, ya yi shekara da shekaru yana nazarin cimar mutanen yankin: man zaitun, wake, ganye, kifi, nama kuwa sai jifa-jifa. Ya rasu a 2004 yana da shekara 100. Wasu masuntan garin Pisciotta da ke yankin har gobe da raga irin ta kakanni suke su, mai barin ƙananan kifaye su zille, dabarar da ta cancanci yabo. Tun 1998 UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya.