Rumbu, akuya da adashi: Yadda tanadin iyali ke sauyawa a Zamfara

A garuruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu na jihar Zamfara, ba a cika auna tattalin magidanci da kuɗin da ke aljihunsa ba. Abin da aka saba dubawa shi ne ko hatsin da ya ajiye da kaka zai kai shi wata kakar.

Shekara da shekaru, tsimi da tanadin iyali a wannan yanki ya dogara ne a kan abubuwa uku: rumbun maigida, da dabbobin da ake kiwo a cikin gida, da kuma adashi.

A 'yan shekarun nan matsalar tsaro da hauhawar farashi sun taɓa dukkan ukun, kowanne ta fuskarsa.

Lissafin rumbu

Tsafe tana kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, Bunguɗu kuma a kan hanyar Sakkwato. Ƙauyukan da ke kewaye da su na cikin masu ciyar da babban birnin jihar da gero da dawa da masara da wake.

A al'adar manoman Hausa, idan an gama girbin gandu akan ƙirga dammuna, a fitar da zakka, sannan a zuba sauran a rumbu. Zakkar hatsin da ya kai nisabi kashi ɗaya ce cikin goma idan ruwan sama ya shayar da shi, kashi ɗaya cikin ashirin idan ban ruwa aka yi.

Da zangarniyarsa ake ajiye gero da dawa, domin sun fi jure wa ƙwari a haka. Malamai kan tunatar cewa irin wannan shawara ce Annabi Yusuf ya bai wa mutanen Masar.

Daga nan sai a liƙe babban rumbu, ba a buɗe shi sai damina ta faɗi, lokacin da aikin gona ke buƙatar ƙarfi, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa.

Tafiya cin rani ma tana cikin wannan lissafi. Matashin da ya tafi Kano ko Legas bayan girbi ba kuɗi kawai ya je nema ba. Ya rage baki ɗaya ne a kan rumbun gidansu har na tsawon watanni.

To sai dai ba kowa ke iya liƙe rumbu ba. Wata masaniya 'yar Birtaniya, Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa talakan manomi kan sayar da hatsinsa da kaka yana arha, domin biyan bashi da haraji, sannan ya dawo ya saye shi da tsada idan damina ta kama.

Fiye da shekara hamsin bayan nan, wannan tarko bai sauya ba. Wanda ya ci bashin taki ko na magani da damina, mai bashi na jiransa tun hatsi na masussuka.

Dukiyar da ake gani

Rumbu da garke suna da rauni guda: ba sa ɓoyuwa.

Satar shanu da ta yi ƙamari a Zamfara tun wajejen 2011 ta rikiɗe ta koma garkuwa da mutane domin kuɗin fansa. An sha samun rahotannin ƙona rumbuna, da na harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin su bari a yi shuka ko girbi.

Wannan ya shafi mata ƙwarai, domin akuya da tunkiya su ne asusun mace a karkara. Su take sayarwa idan yaro ya kwanta ciwo ko za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki.

A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan wayar salula a jihar, duk da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun kayayyaki. A wancan lokaci mai akuya ya rasa kasuwar da zai kai ta, mai ɗa a birni kuma ya rasa hanyar da zai kira a turo masa kuɗi.

Iyalan da suka yi gudun hijira zuwa Gusau da garin Tsafe sun koma awo da tiya. Mutumin da ya saba ciyar da gidansa daga rumbu ya shiga lissafin kuɗin haya da na ruwa da na itace, abubuwan da a ƙauye bai saba biya ba.

Albashi da buhu

Ma'aikaci a Gusau nasa lissafin daban ne. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin naira 500, kafin ta haura naira dubu a ƙarshen 2024.

Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, kuma a shekarar ce Zamfara ta fara biyan naira dubu 30 da aka amince da shi tun 2019.

Dabarar da ma'aikata suka daɗe suna bi ita ce su yi wa kansu rumbu a cikin ɗaki: a sayi buhunan shekara da kaka, kuɗin cefane na kullum ya tsaya a kan kayan miya.

Sussukakken hatsi bai kai na zangarniya juriya ba, musamman wake. Shi ya sa buhu mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, ya samu karɓuwa. Yana toshe iska ne har ƙwarin su mutu, ba tare da an zuba maganin da kan cutar da masu ci ba.

Amma shekarar 2025 ta nuna cewa saye da kaka ba kullum yake zama riba ba. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na wani lokaci a 2024, farashin hatsi ya faɗi, kuma da dama daga waɗanda suka tara domin sayarwa sun tafka asara.

Wanda ya saya domin ci bai rasa tuwonsa ba. Wanda ya ci bashi ya tara, shi ne ya ji jiki.

Adashi a zamanin tsada

Adashi ya fi banki kusa da mata masu ƙuli-ƙuli da awara da man gyaɗa. Ba ya buƙatar takarda, babu kuɗin ruwa a cikinsa, kuma kunyar uwar adashi kan sa mace ta yi zubi ko da ranar ciniki bai yi auki ba.

Illarsa ita ce hauhawar farashi na cinsa a ɓoye. A watan Disambar 2024 an ƙiyasta hauhawar da kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, naira dubu ɗari da aka kwasa a ƙarshen shekarar ba ta wuce abin da kimanin naira dubu 74 ke saye a farkonta ba.

Ke nan mai ɗaukar farko ta fi mai ɗaukar ƙarshe cin moriya, ko da yake zubinsu ɗaya. Hanyar rage wannan asara ita ce a gajarta zagayen, ko kuma a mayar da kwasa buhu ko tunkiya tun ranar da aka karɓa.

Ajiyar tsabar kuɗi a gida ma ta sha nata gwajin a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya haddasa ƙarancin takardun kuɗi. Zamfara na cikin jihohi ukun farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli a kan batun.

Tun daga lokacin masu POS suka ƙara yawa a bakin kasuwanni, sai dai kowace cira da ladanta. Mai cirar kuɗin cefane kullum ya fi mai cira sau ɗaya a mako biyan wannan lada.

Akwai kuma kashe kuɗin da babu tanadin da ke ɗaukarsa. Idan aka sace mutum a gona ko a kan hanya, dangi kan sayar da dabbobi da hatsi, a yi karo-karo a masallaci da unguwa, idan bai isa ba a sa gona a kasuwa. Gidan da ya sayar da gonarsa, ko an sako ɗan'uwansu, ba shi da abin zubawa a rumbu a kaka mai zuwa.