Matsayin Mai Gyara Ga Sabon Marubuci

Abin da za mu duba a wannan maƙala shi ne inda hannun mai gyara ya kamata ya tsaya in sabon marubuci ya kawo masa aikinsa.

Misalin da muka fi sani shi ne na gasar 1933, wadda Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya. Malaman da suka shiga ta sun saba da waƙa da wa'azi, amma ƙagaggen labari baƙo ne gare su. Abubakar Imam, wanda yake koyarwa a Midil ta Katsina, yana da shekara 22 kawai sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. A 1936 aka kawo shi Zariya, East ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa, yana bin abin da ya rubuta yana nuna masa inda ya yi rauni, har aka sami Magana Jari Ce. Duk da haka, wanda ya karanta ya san muryar Imam ce.

Jiki Magayi kuwa ya fito da sunaye biyu, John Tafida da East. A ganinmu, nan gyara ya wuce gyara, ya zama tarayya. Malamin da ɗalibi ya miƙa wa labarinsa na fari, sai ya nuna masa inda zaren ya tsinke, ya bar masa alƙalaminsa ya ɗaura da kansa.