Nauyin Magneto da Yashin Hanyoyin Gwaram

A gefen hagu na injin ƙaramin babur, a bayan murfi, akwai wani kwanon ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da sandar injin. Kanikawa na kiransa magneto. Maganaɗisun da ke manne a cikinsa ne ke samar da wutar filogi da ta fitila, kuma yawancin masu babur iya abin da suka sani game da shi ke nan. Aikinsa na biyu bai cika shiga hira ba: duk lokacin da fetur ya kama wuta ya tura fistin, nauyin wannan ƙarfe ne ke riƙe wani kaso na ƙarfin, ya ci gaba da juya injin har zuwa kamawar wuta ta gaba. A kan kwalta ba a damu da wannan ba. A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram kuwa, shi ne ke raba babur da zai fita daga rafi da wanda za a sauka a tura.

Birnin Kudu mahaɗa ce ta hanyoyin Kano, Gwaram da Ningi, amma kwalta ba ta bin manomi har gona. Da an sauka daga titi sai ƙasar kudancin Jigawa ta nuna halinta: duwatsu irin na Habude da Mesa, waɗanda aka san garin da su saboda tsofaffin zane-zanen da ke jikinsu, ga tsakuwa a hawa, ga rafukan da ke cika da damina su bar tulin yashi da rani. Ta waɗannan hanyoyi ake fito da buhunan gero, dawa, gyaɗa da riɗi zuwa kasuwanni irin ta Sara. Ta nan kuma ake ɗauko marar lafiya zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Baburan da suka daɗe suna wannan aiki masu bugu biyu ne, waɗanda ake ganewa da shuɗin hayaƙi da ƙara mai tsini. Fitaccen cikinsu shi ne AX100, ƙirar kamfanin Suzuki na Japan, wanda Jincheng na ƙasar Sin ya riƙa ƙerawa har sunansa ya zama sunan babur ɗin a bakin jama'a. Injinsa siisii 98 ne, giya huɗu. Daga baya Bajaj Boxer ta Indiya, mai bugu huɗu, ta ƙwace kasuwa. Duk da haka tsofaffin ba su ɓace ba, domin na hannu yana da araha, ba shi da bawul, kuma bakanike zai iya kwance kansa ya sauya ringi a gindin bishiya kafin la'asar.

Injin mai bugu biyu yana kama wuta a kowane zagaye, mai bugu huɗu kuwa sau ɗaya a zagaye biyu. Sai dai ƙarfin mai bugu biyu yana sama ne, sai ya ɗauki zafin juyi yake nuna kansa. A ƙasa, inda ake tafiya kamar ta mai ƙafa, rauni gare shi. Mahayi na tsakanin abu biyu. In ya sassauta totur, injin ya mutu. In ya murɗa, ƙarfin ya zo masa gaba ɗaya, tayar baya ta yi ta haƙa rami tana watsa yashi, babur bai gusa ba.

Lamarin wanda ya ɗauko buhu biyu yana da sauƙi, domin zai kwance kaya, ya tura babur zuwa ƙetare, ya dawo ya ɗauki buhunan ɗaya bayan ɗaya a ka. Wahala ce, amma ta gumi ce kawai. Ta dare ita ce ba a mantawa. Mace mai naƙuda ko tsoho da numfashi ya sarƙe masa ba ya zama shi kaɗai a bayan babur, sai an sa shi a tsakiya, wani ya zauna a kan kariya ya rungume shi. Mutum uku a kan injin da bai kai siisii ɗari ba. In injin ya mutu a tsakiyar rafi, fitila ma ta mutu tare da shi, tunda daga magneton take samun wuta. Mahayin ba zai iya taka kik da mutane a kai ba, kuma saukar da marar lafiya a cikin yashi da duhu ba ƙaramin abu ba ne. Don haka masu wannan hanya suka koyi riƙe kuloci rabi, totur a sama, ƙafafu biyu suna tuƙa ƙasa. Ana fita, amma kuloci ne ke biyan kuɗin, kuma warin ƙonewarsa kan riga babur isa bakin titi.

Washegari ƙorafin kan isa rumfar bakanike, kusan da kalmomi iri ɗaya. Mai babur kan ce, Oga, ba ya riƙe silo, kuma da ya ga yashi sai ya mace, a ƙara masa ƙarfi. Bakaniken da ya kwana biyu a sana'ar yakan fara da wanke kabireta da duba filogi, sannan ya nuna wa mai babur cewa ba ƙarfi babur ɗin ya rasa ba, tunda a kan kwalta ba a kama shi. Misalin da ya fi saurin shiga kai yana nan kusa: injin niƙa na dizal da ke bakin kasuwa, mai manyan ƙafafun ƙarfe a gefe. Ana zuba masa hatsi ya ji nauyi, sautinsa ya yi ƙasa, amma ba ya tsayawa, saboda ƙafafun sun riga sun ɗauki juyi.

A Amurka da Turai, masu hawan baburan jeji sun mai da wannan dabara ta ƙara wa magneto nauyi kayan sayarwa. Babur irin Yamaha YZ250 an yi shi ne don tsere a fili, da magneto marar nauyi don ya zabura nan take. Wanda zai shiga da shi cikin itatuwa da duwatsu yakan sayi wani faifan ƙarfe da aka sassaƙa daidai da injin, nauyinsa daga kimanin giram 200 zuwa 370, ya ɗaura a kan magneton. Doki ko ɗaya bai ƙaru a ƙarfin injin ba. Abin da ya sauya shi ne yadda ƙarfin ke isa taya: yana zuwa a hankali, taya na samun damar kama ƙasa, injin kuma ba ya saurin mutuwa. Asarar ita ce zabura, domin injin zai ɗan yi nawa wajen tashi da wajen sauka. Kuma inda aka sa nauyin ya fi yawansa muhimmanci. Giram ɗaya da aka nisanta ninki biyu daga tsakiya yana aikin giram huɗu.

Ba a ƙera wa AX100 irin wannan faifai na musamman don kasuwar ƙauye ba, kuma magnetonsa tun asali ya fi na babur ɗin tsere nauyi idan aka dubi girman injin. Wanda ya ce sai ya ƙara nauyin, hanyar da ta fi kusa da shi ita ce rumfar mai walda, kuma nan haɗarin yake. Zafin walda na raunana maganaɗisu, wutar filogi ta ragu, a wayi gari babur yana wahalar tashi. Ƙarfen da bai zauna daidai tsakiya ba, ko da ɗan kaɗan ne, zai riƙa jijjiga sandar injin sau dubbai a minti ɗaya har ya cinye boris. Daga boris sai robar da ke toshe gefen injin ta saki. A mai bugu biyu wannan babbar ɓarna ce, domin iska za ta riƙa shiga ta bayan kabireta, fetur da baƙin man da ke tafe tare da shi su yi ƙaranci, injin ya yi zafi ya buga. Akwai kuma ɗan ƙaramin ƙarfen da ke riƙe magneto a mazauninsa. In ya karye, lokacin kamawar wuta ya goce, babur ba zai sake tashi ba. Aikin da zai yi kyau sai an sassaƙa zoben a injin sassaƙa ƙarfe, an auna daidaitonsa, an tabbatar murfi zai rufu, abin da yawanci ke nufin tafiya Kano da kashe kuɗin da ya fi ƙarfin tsohon babur.

Shi ya sa bakanike mai gaskiya ke karkatar da mai babur zuwa abin da ya fi sauƙi. Ana sa faifan sarƙa na baya mai haƙora da yawa, injin ya riƙa juyawa da sauri alhali babur na tafiya a hankali. Gudun kwalta zai ragu, shan mai ya ɗan ƙaru, amma hawa da yashi su yi sauƙi. Ana rage iskar taya kaɗan kafin shiga rafi don ta shimfiɗu, ko da yake da kaya mai nauyi a kan tsakuwa hakan na iya tsinke tub. Ana ƙone salansa a fitar da dattin mai da ya toshe ta, a ɗan ɗaga silo.

Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, lissafin ya ƙara juya wa mai bugu biyu baya, tunda yana zubar da wani ɓangare na fetur ɗinsa ta salansa ba tare da ya ƙone ba, ga kuɗin baƙin man da yake sha kullum. Mai hali ya koma Boxer, wadda ke da jimiri a tafiyar sannu. Waɗanda suka rage a kan Jincheng su ne waɗanda kuɗin riɗin bana bai kai su sauya ba, kuma galibi su ne ke zaune a ƙetaren rafi.